Usur a Jakar Jannat

"...lafiya ƙalau, Alhamdu lillahi. Ya gajiyar zalunci, ranki ya daɗe?"

"Gajiya ai tana wurin masu fashi da rana tsaka. Ya kwanan zulumi?"

"Zulumin me?" Jannat ta ce. "Baiwata ce za ta ba da shaida gobe. Barci na yi har da minshari."

Na'ima ta dubi idanun Jannat, ta ga yadda suka faɗa ciki, ta san ƙarya take shararawa. Ta tura ƙofar gilashin, sanyin shagon ya tare su.

Wani shagon abaya ne a unguwar Al Mirqab da ke Doha. La'asar ta wuce, rana ta ɗan risina, amma iskar waje har yanzu kamar daga bakin tanda take fitowa. Umman Na'ima ce ta aiko su. Abbanta, Injiniya Tanko, zai je Ringim ƙarshen mako, ana son a saya wa kakarsu Hajiya Talatu abayar tsaraba. Umma ta ce lallai sai da Jannat za a je, wai ita ce ta san tsayin Hajiya. Alhali duk dangi babu wanda bai san tsayin Hajiya ba, tunda jikokinta 'yan firamare ma sun kere ta. Na'ima ta gane tarko ne, ta kuma shiga da ƙafarta, don ba a musu da Umma.

Taubasai ne su biyun. Abban Na'ima da mahaifiyar Jannat, Shakira, ciki ɗaya suka fito. A gidan marigayi Malam Baballe na Ringim kuwa akwai wata doka da ba wanda ya san ranar da aka kafa ta: duk abin da ɗan mace ya gani a hannun ɗan namiji, in ya yi masa, ya ɗauka. Ba a mayarwa, ba a kai ƙara, ba a ɗaure fuska. A wasan, ɗan mace ne ubangida, ɗan namiji bawansa. Da wannan dokar Jannat ta raba Na'ima da 'yar tsanarta tun suna ƙanana, ta raba ta da ɗankwalin salla. Da ta zo Doha karatun jinya sai ta ɗora daga inda ta tsaya: cajar waya, turare, takalmin gudu sabo fil.

Abin da ya haɗa su a wannan makon ya fi ƙarfin turare. Na'ima malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata, ranakun hutu kuma tana alƙalancin wasa a gasar ƙwallon ɗalibai mata ta kwalejoji, irin ta biyar-biyar da ake bugawa a rufaffen zaure. Jannat ce kyaftin ɗin 'Yan Jinya. Ranar Asabar suka kara da 'Yan Injiniya a wasan rufe zagayen farko. 'Yan Jinya suna na huɗu a teburi, 'Yan Injiniya na biyar, maki ɗaya tal tsakaninsu, huɗun farko ne kuma za su wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Alƙaliyar da aka sa, Nusrat, ta gurɗe ƙafa a wurin ajiye motoci. Shugabar kwamitin gasar, wata 'yar Sudan mai suna Ustaza Zuleiha, ta hango Na'ima ta ce, "Yalla, shiga!" Na'ima ta buɗe baki za ta ce akwai 'yar uwarta a fili, sai ta tuna a makon nan Ustaza ta raɗa mata cewa ita ake tunanin ba wa wasan ƙarshe. Ta rufe bakinta, ta rataya usur.

Ana ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi, Jannat ta zura ƙwallo. Na'ima ta busa ta ce hannu ne. Jannat ta taho tana dariya, ta miƙa hannu ta zare usur ɗin daga wuyan alƙaliya kamar yadda take zare mata ɗankwali, ta busa da kanta, ta nuna tsakiyar fili, ta cusa shi cikin rigarta. Zauren ya yi tsit. Na'ima ta ɗaga mata jan kati, ta ƙarasa wasan da tafi, don babu wani usur a kusa.

An tashi canjaras, 'Yan Jinya na nan a na huɗu. Sai dai dokar gasar ta ce duk wadda ta ɗora hannu a kan alƙaliya an kore ta har ƙarshen kaka, a kuma zaftare wa ƙungiyarta maki uku. Gobe kwamiti zai zauna, Na'ima kaɗai za a tambaya. In ta ce cin zarafi ne, 'Yan Jinya sun faɗo na biyar, sun fita. In ta ce wasan gida ne, 'yar gwaggonta ce, to ta tona wa kanta asiri, wasan ƙarshe ya wuce ta.

Mai shagon, wani Ba'indiye da ake kira Abdul-Razak, ya fara zaro abayoyi yana shimfiɗawa.

"Ga launinki," Jannat ta ce, ta ɗago wata ja jawur. "Na ga kwanan nan ba kya fita sai da ja a aljihu."

"Ajiye musu kaya tun ba ki sa a riga ba. Malam Abdul-Razak, ka sa ido, wannan in ta yi dariya to wani abu ya ɓata."

"Ba ya jin Hausa."

"Ai kyamara tana ji. Ga ta can a kanki."

"Kyamara! Da akwai kyamara a zauren nan ranar Asabar, da yanzu ke ce a gaban kwamiti. Ƙwallo mai kyau, ƙwallon da ko a talabijin sai an maimaita ta sau uku, makauniya ta zo ta ce hannu."

"Makauniyar ta ga yatsu biyar."

"Kafaɗa ce."

"Kafaɗarki a wuyan hannu take? To ki yi maza ki koma aji, don malamanku na jinya sun cuce ki. Allah ya tsare marasa lafiyar da za a kawo miki. Mutum ya ce kafaɗa ke masa ciwo, ki naɗe masa ɗan yatsa."

"Ke wa ya ba ki alƙalanci ma? Yarinyar da ko rabon tsire aka ba ta a gida sai an yi kuka."

"Wa ke kukan? Mai son kashi biyu."

"Haƙƙina ne. 'Yar mace nake."

"'Yar mace a Ringim. A Doha lamba tara ce ke, mai jan kati."

Jannat ta saki jar abayar, ta jawo wata baƙa mai duwatsu masu ƙyalli tun daga wuya har ƙasa. Na'ima ta girgiza kai. Hajiya ba ta sa mai duwatsu, ta ce suna sukarta in ta yi sujada.

"Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki," Na'ima ta ce tana shafa wata marar ado, "yadda kuke kuka a kan na huɗun nan kamar gadon ubanku. Ta yaya ma kuka hau shi? 'Yan Shari'a motarsu ta ɓata a hanya, aka ba ku maki uku kuna zaune kuna shan lemo."

"Mu muka ce direbansu ya bi ta can garin Wakra?"

"'Yan Kasuwanci golarsu tana jarrabawa, suka sa mai riƙe musu ruwa a raga."

"Mai riƙe ruwan ta fi golar iya kamu. Da ƙyar muka ci ta biyu."

"'Yan Magunguna kuwa da kansu suka ci kansu."

"Matsi ne. Ni na matsa wa yarinyar har ta rasa gabas. Ke teburi ya taɓa tambayar mutum ta ina ya bi? Lamba kawai yake nunawa. Su 'Yan Injiniyan naki da kocinsu mai yawo da kwamfuta a hannu, tana zana kibiyoyi tana lissafin iska, ina lissafin ya kai su? Na biyar."

"Gobe war haka na huɗu."

Maganar ta fito da nauyin da Na'ima ba ta yi niyya ba. Jannat ta juya tana duba hannun wata abaya kamar a can aka ɓoye amsar. Can ta zaro waya.

"Tsaya ki ji saƙon uwargidanki. Tun jiya nake ajiye miki."

Ta danna. Muryar Hajiya Talatu ta cika shagon, da kukan akuya a bayanta.

"Na'imatu! Ke Na'imatu, kishiyata mai ƙafar sauro! Labari ya iso ni wai kin kori 'yar Shakira daga filin bal a gaban Larabawa, a kan mabusa. Mabusa, Na'imatu! Abin da ake ba yara kyauta in an sayi alewa. To ki tambayi ubanki. Ranar da zai rubuta jarrabawar fita sakandare Sabo taubashinsa ya ɗauke masa keke ya tafi cin kasuwar Taura. Da ƙafa ubanki ya je, ya dawo ƙafa duk ƙaya, ya tarar da Sabo yana cin tuwonsa, suka yi dariya. Gidan Malam ba a taɓa kai ƙarar taubashi ba. Kada a fara a kanki. Kuma abayar kada a sayo mai duwatsu."

Abdul-Razak ya yi murmushi ya gyaɗa kai, kamar ya fahimci hukuncin.

"Kin ji kotun ƙoli," Jannat ta ce.

"Kotun ƙolin da ke kiran usur mabusa. Kuma wa ya kai mata labarin?"

"Iska."

"Iskar tana da lambar Hajiya. Ki gaya wa Hajiya keken Abba ba a gaban mutum ɗari aka ɗauke shi ba. Kawu Sabo ya jira ya shiga wanka. Ɓarawo ne mai tarbiyya. Ke kuwa a tsakiyar fili, Ustaza Zuleiha tana zaune, kocin 'Yan Injiniya ta zuba ido. Kin san da me na ƙarasa wasan? Da tafi, Jannat. Kamar mai korar kaji daga shanya."

"An ce ya yi kyau. An ce har wata ta fara rawa."

"Allah ya isa."

"Ba ya kama 'yar mace."

Na'ima ta so ta yi dariya, ta danne. Tun ranar Asabar take danne abubuwa. A cikin kabad ɗinta a gidansu na unguwar Old Airport akwai sabuwar rigar alƙalanci ruwan ɗorawa, ko ledarta ba ta cire ba, ta saye ta ne saboda wasan ƙarshe. Duk wadda ta busa wasan ƙarshe, ita kwamiti ke turawa kwas ɗin manyan alƙalai. Shekara biyu tana busa wasannin da ba mai kallo sai masu shara, tana jiran wannan.

"To yanzu me kike so in ce musu?" ta tambaya. "In tashi in ce, Ustaza, a yi haƙuri, wannan da kuke gani baiwata ce?"

"Uwargijiyarki."

"Ko ma wace ce. Ki furta kalmar baiwa a garin nan da Larabci, kafin ki rufe baki an kira 'yan sanda, a ce wa ya karɓe mata fasfo."

"To ki ce ni ce kafil ɗinki, mai riƙe da takardun zamanki."

"Kafil ɗin da ke kwana a ɗakin ɗalibai, gado sama da ƙasa, tana zuwa gidanmu cin shinkafa duk Juma'a."

"Duba dukiyata nake zuwa yi."

"Gwada ki gani. Ga Abdul-Razak nan, yi masa bayanin taubasantaka. In ya gane, Ustaza ma za ta gane."

Jannat ta gyara tsayuwa. Ta haɗa Larabcinta na kanti da Turanci da nuni da hannu, ta ce baban wannan da mamarta 'yan uwa ne, saboda haka duk abin da ke hannun wannan nata ne. Don ta nuna misali ta fizge wayar Na'ima ta jefa a jakarta. Abdul-Razak ya dubi Na'ima, ya dubi jakar, ya dubi kyamara. A hankali ya jawo abayoyin da ke gaban Jannat ya mayar bayan kanta.

"Ya gane," Na'ima ta ce. "Ba ni wayata."

"Waya ba ta cikin doka, tana da lambar sirri." Ta miƙa mata.

Sai da suka zaɓi wata baƙa mai laushi, marar ado sai ɗan zare a bakin hannu, Abdul-Razak ya tafi da ita ciki wurin tela a rage tsawo, sannan shagon ya yi shiru. Suka zauna a kan benci. Jannat ta ɗora jakarta a cinya ta rungume.

"Sun cire ni daga guruf," ta ce.

"Wane guruf?"

"Na ƙungiya. Ni na buɗe shi, ni na sa masa hoto. Golarmu Khadijat ta cire ni. Na gan ta a wurin cin abinci ta ɗauki tirenta ta koma wani tebur." Ta ɗan yi dariya marar daɗi. "Kwalejinmu ba ta taɓa wuce zagayen farko ba, kin sani. Yaran nan daga asibiti suke zuwa atisaye, wata ko takalmin aiki ba ta cire ba. Bana ce shekarata ta ƙarshe. Wallahi Na'ima ban san na yi ba. Na ga fuskarki ne kawai, kin kumbura baki kina busa abin nan, sai na ga Na'imar tsakar gidan Malam. Hannuna ya riga hankalina."

"Hannun nan dai. Sau biyu a wasa ɗaya."

"Kafaɗa ce ta farkon."

Na'ima ta dubi ƙasa. Ita ma tana da nata. Da ta buɗe baki tun kafin a take wasa, da an nemo wata, da Jannat ba ta ga fuskar da za ta yi wa fashi ba. Amma ba a faɗa wa taubashiya irin wannan, sai ta riƙe shi har jikoki.

"Umma ta gaya mini zancen rigar," Jannat ta ce.

"Wace riga?"

"Ruwan ɗorawar da ke kabad. Da kwas ɗin." Ta zuge jaka. "Kada ki ce musu komai gobe. Ki ce cin zarafi ne, khalas. Dama ba na son a ji a duniya cewa baiwa ce ta cece ni, ina zan sa kaina a Ringim?"

Ta zaro usur ɗin, baƙi, da igiyarsa shuɗiya, ta ɗora a kan bencin tsakaninsu. Ta tura shi da ɗan yatsa har ya taɓa gefen mayafin Na'ima.

"Ga kayanki."

Na'ima ta dubi usur ɗin. Tun tasowarta ba ta taɓa ganin ɗan mace ya mayar da abin da ya ɗauka ba, sai sau ɗaya. Tana 'yar shekara tara wani ɗan gwaggon Abba ya aiko yaro da rediyon da ya ɗauka shekaru da suka wuce, an goge shi tas, an naɗe a leda. Ranar Hajiya ko tuwo ba ta ci ba. Daga nan mutumin ya koma gaida Abba da "ina wuni, Injiniya," Abba ya amsa da "lafiya lau, Alhaji," har Allah ya karɓi ransa ba su ƙara zagin juna ba. Na'ima ta hango kanta nan da shekara ashirin, a gidan biki, Jannat ta rusuna tana ce mata "sannu da zuwa, Hajiya Na'ima."

"Mene ne wannan?" ta ce.

"Usur. Ko shi ma hannu ne?"

"Ɗauke ƙazantarki daga jikina."

"Naki ne."

"Nawa? Abin da kika sa a baki, kika cusa a rigar da kika yi gumi, ya kwana uku a jaka da ɓawon ayaba? Ko a asibitinku aka dafa shi ba na so."

"Na wanke shi da sabulu."

"Jannat, mayar da shi jakar nan tun Abdul-Razak bai fito ya ga abin kunya ba. Wa ya taɓa ganin 'yar mace tana mayar da kaya? So kike Hajiya ta ji ta faɗi? Ke ba ki iya ƙwallo ba, ba ki iya jinya ba, satar ma da aka san ki da ita za ki watsar? Da me za a tuna ki?"

"Na'ima, wasan ƙarshe fa."

"Wasan ƙarshen me? In tsaya awa guda ina kallon 'Yan Injiniya suna lissafin iska? Gara in yi wanki."

"Kwas ɗin fa?"

"Ana yi duk shekara. Ke kuwa bana ce ta ƙarshe, in Allah ya taimaki malamanku suka rabu da ke." Ta ɗauki usur ɗin da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ta jefa a jakar, ta zuge da kanta. "Gobe zan je in ce musu 'yar gwaggona ce, tarbiyya ce ba ta samu ba, laifin kuma nawa ne da na shiga fili ban faɗa ba. Jan katinki yana nan, wasa ɗaya za ki zauna a benci, ko sama da ƙasa za su haɗu. Maki kuwa zan roƙa a bar wa marasa laifi."

"In Ustaza ba ta gane ba fa?"

"'Yar Sudan ce, ba daga wata ta faɗo ba, su ma suna da 'yan uwa marasa kunya. In ta ƙi, in kunna mata Hajiya."

Jannat ta juyar da kai wajen madubi, ta ɗaga gefen mayafi ta goge ido.

"Sanyin shagon nan ya yi yawa," ta ce.

"Ƙwarai. Har ya sa miki ruwa a kafaɗa."

"Allah ya shirye ki."

"Amma da sharaɗi."

"Na sani. Baiwa ba ta alheri kyauta."

"Ki dube ni ki faɗi da me kika ci ƙwallon nan. Ba kwamiti, ba kyamara, daga ni sai ke."

"Ga kyamara can."

"Ba ta jin Hausa."

Jannat ta dubi silin, ta dubi ƙofa, ta ja numfashi kamar za a yi mata allura.

"Kafaɗa ce."

"To a gaida 'Yan Injiniya." Na'ima ta yunƙura za ta tashi.

"Tsaya mana! Kafaɗa ce, amma ta ƙasa."

"Ƙasa ina?"

"Can ƙasa. Inda take rabuwa biyar."

Dariyar da Na'ima ta danne tun ranar Asabar ta ƙwace mata gaba ɗaya. Ta dafa benci, ta dafa ciki, hawaye na zuba. Jannat ma ta fashe, har tela ya leƙo daga ciki da almakashi a hannu. Abdul-Razak ya fito da abayar a naɗe cikin leda, ya tsaya yana dubansu, sannan ya zagaye Jannat da nisa ya miƙa wa Na'ima a hannu.

A waje rana ta faɗa bayan dogayen benaye, an fara kiran magariba a masallacin kusa. Na'ima ta tsaya a tagar mai shayi ta karɓi karak kofi ɗaya, da gangan. Ko kurɓa ba ta yi ba hannu ya zo ta gefen kafaɗarta ya ɗauke.

"Da zafi," ta ce. "Allah ya sa ya ƙone ki."

"Amin. Ranar wasan ƙarshe ina za ki zauna, tunda an sauke ki daga mulki?"

"Cikin 'yan kallo, layin gaba. Shekara biyu ana zagina, ban taɓa samun damar zagin alƙaliya ba. Nusrat za ta ji a jikinta."

"Mu za ki goya wa baya dai."

"Ku? Wa ya ce za ku kai? Na ɗaya za ku fara haɗuwa da su, ba kyaftin, sai dai in motarsu ta bi ta Wakra."

"Za mu kai. Ki zo da wuri, ki sa rigar nan ruwan ɗorawa don in hango ki."

"Ba zan sa ba."

"To kawo ta, dama launin yana karɓata."

Na'ima ta tsaya cak a bakin titi. Ta tuna ranar Juma'a Jannat za ta zo cin shinkafa, ta tuna kabad ɗinta ba ya kulluwa.

"Umma ce ta gaya miki inda take?"

"Ɓangaren hagu, bayan jallabiyoyi," Jannat ta ce, ta kurɓi shayin. "Kada ki damu, baiwar Allah. In kin ga abin da bai yi miki ba a fili, ki ɗago hannu. Zan ara miki usur."